Ɗaukar Hoton Duwatsun Abzin, da Guzurin da Ciki Zai Nema a Can

Mai ɗaukar hoton da ya saba da biki da suna a Kano ko Maraɗi, in ya tsaya gaban duwatsun Abzin, hotunansa na farko sukan ba shi kunya. Ido ya ga dutse ya tokare sama, kyamara kuwa ta fito da ɗan baƙin tudu can nesa, sama ta yi fari fat, rairayi ya koma ruwan toka. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Wurin ne ke da sharuɗɗansa, kuma galibinsu na lokaci ne: watan da ka zo, sa'ar da ka fito, har da sa'ar da ka ci abinci.

Abzin, wanda taswira ke kira Ayir, tarin duwatsu ne a arewacin Agadas, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 84,000. Ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a ƙasar Nijar tana can kan Bagazam, mita 2,022. Daga gabas duwatsun sun yi iyaka da rairayin Tenere, kuma a 1991 UNESCO ta sa gandun Ayir da Tenere cikin wuraren gado na duniya. Ga Bahaushe wurin ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Tarihin Gobirawa yana cewa a can suka zauna kafin su gangaro kudu, ayarin Abzinawa sun daɗe suna kawo kantun gishirin Balma da dabino ƙasar Hausa su koma da gero, kuma da Hausa za ka yi ciniki a kasuwar Agadas.

Maganar hanya ita ce farko, kuma ba ta wasa ba ce. Yankin ya ga tawaye a shekarun 1990 da kuma daga 2007 zuwa 2009, an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi, zinariyar da aka gano a arewa a 2014 ta ƙara zirga-zirga ta kuma ƙara 'yan fashi, a 2025 kuma an sace baƙi Turawa a cikin garin Agadas kansa. Don haka ba a shiga duwatsun sai da jagora ɗan ƙasa wanda hukuma ta sani, da takardun izini, da motoci aƙalla biyu. Jagora ya ce yau ba a bin wannan kwari, to ba a bi. Bariki da shingen jami'an tsaro da filin jirgi, ko nuna su da kyamara kada ka yi. Jirgi marar matuƙi kuwa, in ba ka riƙe da izini a rubuce, bar shi a gida.

Watannin aiki su ne Oktoba zuwa Fabrairu. Oktoba da Nuwamba sun fi tsabtar iska, da sauran ɗanyen ganye a cikin ƙoramu, da ruwa kwance a kogunan dutse. Daga Disamba hunturu ya kama, dare ya yi sanyin da a kan tudu yakan kai ga daskarar da ruwa, wasu ranaku kuma hazo ya lulluɓe komai. Daga Maris zafi ya fara tsananta. Damina, daga Yuli zuwa Satumba, tana da gajimare masu kyau, amma ƙoramar da ta bushe ƙayau tana iya cika cikin 'yan mintoci da ruwan da ya sauka a wani dutse da ba ka ma gani ba. Ba a yada zango a cikinta.

Hasken da ake nema

A watan Janairu rana tana fitowa a Agadas wajen ƙarfe 7 na safe, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yamma. Da yake ƙasar ba ta da nisa sosai da tsakiyar duniya, rana a miƙe take hawa, ba ta jan ƙafa a gefen sama kamar yadda take yi a Turai. Jan hasken nan mai fito da kowane tsagi da kowane ƙulli a jikin dutse bai fi minti 30 zuwa 40 ba, da safe sau ɗaya, da yamma sau ɗaya. Ƙara masa kamar minti 20 na shuɗin haske kafin fitowar rana da bayan faɗuwarta. Ke nan duk yinin, sa'a biyu kacal ce ta babban aiki. Sauran lokacin na shiri ne.

Shirin kuwa shi ne neman matsaya da tsakar rana, lokacin da hasken ba ya da amfani. Ka zaga da ƙafa, ka duba ta cikin kyamara, ka aje 'yan duwatsu uku a inda za ka kafa, don ka gane wurin a duhun asuba. Ka riƙe kamfas, ko na waya. A hunturu rana ba daga gabas sak take fitowa ba, ta karkata kudu, kuma a kudu maso yamma take faɗuwa. Fuskar dutsen da ke kallon arewa kusan duk yini a inuwa take. In ita kake so, ka ɗauke ta a shuɗin haske, ko ka haƙura. Kuma a cikin kwari mai zurfi rana takan makara da sa'a guda ko fiye kafin ta leƙo, ta zo da farin haske mai kaifi. Wanda ke son jan haske sai ya hau.

Kada rana ta kasance a bayanka. Hasken da ya fito daga bayan mai ɗauka yana shafe inuwa, dutse ya zama shimfiɗaɗɗe. Ka sa ta a gefe, dama ko hagu, inuwa ta kwanta a tsage-tsage.

Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan cewa duk abin da ke gabansa matsakaici ne, ba fari ba baƙi. Abzin kuwa farin rairayi ne da baƙin dutse. Ka cika hoton da rairayi, kyamara ta rage haske, rairayin ya yi duhu. A nan sai ka ƙara mata +0.7 zuwa +1. Ka cika shi da baƙin dutsen aman wuta irin na wajen garin Timiya, ta ƙara haske har sama ta ƙone. A nan sai ka rage. Kada ka yarda da allon bayan kyamara a cikin rana, yaudara yake yi. Buɗe jadawalin haske, wato histogiram, ka tabbata tudunsa bai manne da bangon dama ba, domin wurin da ya ƙone fari babu abin da zai dawo da shi. Inda tazarar haske da inuwa ta fi ƙarfin hoto ɗaya, kafa kyamara kan ƙafa-uku ka ɗauki uku, a -2 da 0 da +2, ka haɗa su a kwamfuta. Ɗauki a RAW, ISO 100, buɗin ido f/8 zuwa f/11. Daidaita launi kuma kada ka bar wa kyamara ta zaɓa, domin za ta ga jan hasken da ka tashi da asuba dominsa ta ɗauka kuskure ne ta wanke shi. Tsayar da shi kan hasken rana, wajen 5,500K.

Kowa yana zuwa da gilashi mai faɗin gani, milimita 16 ko 24, yana zaton babban wuri sai shi. A ganina shi ne ya fi ɓata hoton dutse, don yana tura nesa ta ƙara nisa, Bagazam guda ta koma tsibin ƙasa. Amfaninsa sai in akwai abu mai ƙarfi dab da ƙafarka: tsagaggen dutse, zanen iska a kan rairayi, busasshen kututture. Gilashi mai jawo nesa, 70 zuwa 200, shi ne dokin aiki. Da shi ake matso da jerin duwatsu su jingina da juna, kuma ranar hazo, wadda baƙi ke kuka da ita, ita ce ranarsa: kowane layin dutse ya fi na gabansa dusashewa, har biyar ko shida, na kusa baƙi, na ƙarshe kamar zai narke cikin sama. Sai dai da zarar ƙasa ta ɗau zafi iska takan fara rawa, hoton nesa ya yi laushi komai tsadar gilashin. Aikin nesa na safe ne.

Dutse ba ya faɗin girmansa da kansa. Sa masa ma'auni: raƙumi, jaki da mangala, mutum da rawani, bishiyar ƙandili guda. Ƙanƙanta shi a hoton, ka aje shi gefe. Wayar hannu ma tana yi, in ka danna allo ka kulle haske a kan sama, ka koma kan idonta mai jawowa ninki biyu ko uku, ka bar jan hoto da yatsu.

Rairayi da zane

A gefen gabas, a Arakawo, duwatsu sun yi zobe mai faɗin kilomita goma da baki ɗaya buɗe wajen Tenere, iska kuma ta cusa rairayi ciki ya taru. Can arewa a Temet tuddan rairayin sun kusa mita 300. A irin waɗannan wurare babban abokin gabarka sawunka ne. Ka tsaya daga nesa ka yanke shawarar hoton tukuna, sannan ka zaga ta bayan tudun ka hau, kada ka taka gefen da za ka ɗauka. In kuna da yawa, ku yi magana tun a zango wa zai bi ina. Ƙafafun ƙafa-uku ka danna su cikin rairayi har su tsaya, ka sa jinkirin daƙiƙa biyu don kada hannunka ya girgiza kyamara.

Zanen raƙuman dawa na Dabus, arewa da Agadas ta hanyar Arlit, babban cikinsu ya haura mita biyar, kuma an sassaƙa su shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da Sahara ke da ciyawa. Da tsakar rana da ƙyar ido ke rabe su da dutsen. Sai hasken ya kwanta, da sassafe ko da la'asar sakaliya, inuwa ta cika layukan, sannan su tashi. Kada ka zuba ruwa don zanen ya fito, kada ka bi shi da alli, kada ka taka.

Ƙura ba a hana ta, rage ta ake yi. Canza gilashi a cikin mota da tagogi rufe, bakin kyamara yana kallon ƙasa, a kashe. In da hali ka zo da kyamara biyu, kowace da gilashinta, ka huta da canji. Busa da famfon roba kafin ka shafa komai. Gefen rawani da bakin riga cike suke da ƙwayar rairayi, shafa ɗaya ta isa ta karce gilashi. Kowane dare ɗauki hoton sama a f/16 ka duba ɗigon ƙura. Batura ka kwana da su cikin bargo, don sanyi yana zuƙe su, ka yi caji a mota ana tafiya. Takalmi kuma a kaɗe shi da safe saboda kunama.

Da dare, in babu wata, gilashin milimita 20 a f/2.8, ISO 3200, daƙiƙa 20, ka saita gani da hannu kan tauraro mai haske. Wanda ya zo a Disamba ko Janairu don farar hanyar taurarin nan mai kauri da yake gani a hotuna zai koma da takaici, domin a watannin nan ɓangarenta mai kauri yana tare da rana. Sai daga Fabrairu take fitowa gab da asuba. A hunturu Kaza da 'ya'yanta ce a sama, kuma ta isa hoto in ka sa baƙin ƙololuwa a ƙarƙashinta.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Duba sa'o'in aikin nan da kyau: asuba zuwa hantsi, la'asar zuwa bayan magariba. Lokutan karin kumallo da na tuwon dare ke nan daidai. Mai dafa abincin ayari yana ɗora tukunya ne sa'ad da kake kan dutse, ƙamshin albasa ya biyo iska ya same ka, hasken kuma saura minti goma ya nuna. Hotuna da yawa sun salwanta a wannan gaɓa, fiye da waɗanda ƙura ta ɓata. Shi ya sa na ɗauki tsarin ci a matsayin ɓangaren sana'ar.

Tun daren farko ka zauna da jagora da mai dafuwa ku shirya. Ka ce, “Malam, don Allah a mai da babban abinci tsakar rana, na dare kuma a rufe mini nawa, sai bayan isha zan sauko.” Ba wanda zai ƙi. Da asuba, bayan salla, shayi a fulas da dabino da dakuwa a aljihu sun isa su riƙe ka har ƙarfe tara. Ka tafi da 'yar buta da abin shimfiɗa, magariba ta same ka a matsayarka. Shayin Buzaye kuwa zagaye uku ne, yana cin sa'a guda, kuma tashi a tsakiyarsa rashin ladabi ne. Kada ka zauna masa da la'asar. Na rana da na dare ka sha duka ukun, a nan ne ma za ka ji sunan kwarin da ba ya cikin taswira.

Abincin can ba abin rainawa ba ne. Tagella ita ce gurasarsu: a kwaɓa gari da ruwa da gishiri, a share garwashi gefe, a binne ƙullin cikin rairayi mai zafi, a mayar da garwashin sama, a juya bayan kamar minti 20. In ta gasu a kankare, a ɗauraye, a gutsuttsura a akushi, a zuba miyar tumatir da albasa ko man shanu. Akwai aghajira, gero da dabino da cuku a daka a dama da ruwa, a sha da ludayi, 'yar'uwar fura ce ta jini, kuma tana riƙe ciki yini guda. Akwai cuku kansa, busasshe, a gasa shi kaɗan a ci da shayi. A Timiya, kimanin kilomita 220 daga Agadas, lambuna na ba da lemu da rumman a tsakiyar baƙaƙen duwatsu, Tabelot na fitar da albasa mota-mota, Bagazam kuma dankalin Turawa da tafarnuwa. Sauran ranaku shinkafa ce da makaroni da kifin gwangwani.

Duk da haka, in kwanaki suka ɗan tura, harshen Bahaushe yakan fara ƙorafi. Ba yunwa ba ce, cikin a cike yake. Yauƙi yake nema, da warin daddawa, da tsamin nono. Kuma kewar ba ta zuwa a dunƙule, kowa da inda take kama shi. Bakano zai kwanta yana tuna gurasa da aka yayyafa wa ruwa aka barbaɗe da ƙuli da yaji da man gyaɗa. Mutumin Bauci masa yake gani tana soyuwa a tanda. Wani ɗumamen tuwon jiya ne da miyar kuka da ta kwana ta yi kauri, wani kwaɗon zogale, wani miyar taushe da kabewar kaka. Mutum yana tsaye gaban dutsen da ya yi tafiyar kilomita ɗaruruwa don ya gani, hankalinsa yana wajen murhun tsakar gida. Mai wannan hali hotonsa gaggawa yake fitowa: ya ɗauki biyu ya naɗe ƙafa-uku.

Maganin yana kasuwa kafin ka tashi, kuma ba ya da nauyi, domin rabin kayan miyarmu dama busassu ne. Garin kuka, dakakkiyar busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, 'yar kanwa, tankaɗaɗɗen garin tuwo. Man shanu a soya shi da albasa tukuna, ya fi jure hanya. Busasshen zogale da garin ƙuli, in an jiƙa an tafasa, kwaɗo ya samu. Tsamiya da garin kunu don safiyar sanyi. Wanda ya fi duka dacewa da zango shi ne garin ɗanwake da aka riga aka haɗa da kuka: ruwan kanwa, kwaɓi, jefawa a tafasasshen ruwa, cikin kwata guda an sauke, mai da yaji kawai yake jira. Ruwan dahuwar kada a zubar, a wanke tukunya da shi. Wake tsaba bar shi a gida, yana cin wuta da ruwa, a kan tudu kuma ya fi daɗewa bai nuna ba. Itace a can tsada gare shi ga masu wurin, ku zo da gas ko gawayi daga Agadas.

Kilishi da dambun nama da dare ake cinsu, don suna jawo ƙishirwa, kai kuma lita huɗu zuwa biyar ta sha kake lissafi a yini ko da sanyi. Kuma jakarsu daban da ta kyamara. Yatsan da ya taɓa kilishi in ya taɓa gilashi, man gyaɗa da ƙura za su haɗu su yi abin da famfon roba ba ya cirewa. Daddawa a nannaɗe ta cikin leda biyu da gwangwani mai murfi, in ba haka ba har bargonka sai ya ɗauka.

Kada ka fito da guzurin nan tun ranar farko, kuma kada ka ci shi a ɓoye. Bari sai ka ji kewar ta taso, ka karɓi tukunya daren nan ka tuƙa wa kowa. Abzinawa ba baƙin miyar kuka ba ne, geron da suke ci ma daga Damargu da Damagaram yake hawowa. In za ka ɗauki hoton zaman, kashe filasha, ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, buɗe ido zuwa f/2, ka bar wutar ta haska hannuwa da akushi. Nemi izini kafin ka ɗaga kyamara. Namiji yakan so ya gyara amawalinsa ya rufe baki tukuna, ka jira shi. Mata kuwa sai da yardarsu bayyananniya. Wanda ka ɗauka ka karɓi lambar jagora ka aika masa hotonsa, in ka yi alkawarin wankakken hoto ka cika.

In ka dawo, kwafe katin memori wuri biyu kafin ka taɓa komai. Wajen gyara, fara da goge ɗigon ƙura a sama, ka ɗaga inuwa kaɗan ba har ta mutu ba. Maɓallin cire hazo ka taɓa shi da hankali, domin in ka matsa, layukan duwatsun nan da hazo ya rarrabe za su haɗe su zama baƙi ɗaya. Rairayin Abzin ruwan ƙasa-ƙasa ne mai ɗan ja, ba ruwan lemu ba. In ya fara kama da na tallar kamfanin yawon buɗe ido, ka wuce gona da iri, koma baya. Ƙafa-uku a warware gaɓoɓinta a wanke a shanya. Gilashin da ka ji yana ƙaras-ƙaras in ka murɗa, kada ka tilasta shi, kai wa mai gyara ya buɗe ya share.